Hambali Hannu Rabbana da Buhun Baffa Ilu

A Gwammaja in ka tambayi gidan Malam Hambali direba, sai a tsaya ana kallon-kallo. Amma ka ce gidan Hannu Rabbana, ko mai tallan awara za ta nuna maka ƙofar. Shekara ashirin da ɗoriya wannan suna yana bin yayana. Makon jiya a gidan suna na ji wata mata, wadda a gabanmu aka yanke mata cibiya, ta faɗe shi tana dariya, sauran mata suna taya ta. Ban tanka ba saboda gidan mutane ne. Da na dawo sai na ɗauki biro. Tun da kun ba shi suna, to ku zauna ku ji inda sunan ya samo asali.

Mu Fulani ne, amma na baki kawai. Kakanmu ne ya sayar da ragowar shanunsa ya shigo birni. Mahaifinmu ya rasu Hambali yana da shekara goma sha ɗaya, ni ina goye, sai ƙanin mahaifinmu, Baffa Ilu, ya kwashe mu ya riƙe. Baffa ne kaɗai a gidan ya taɓa bin garke da sanda, har ya kai shekara goma sha biyu kafin a baro ruga. A birni shimfiɗa ya kama a kasuwa: saiwoyi, sassaƙe, ƙayar beguwa, fatar damo, da kashin giwa wanda mata ke saya su yi wa yara hayaƙi. Da wannan shimfiɗar ya ciyar da mu, da ita ya kai ni har aji biyar na sakandare. Ya so Hambali ya gaje shi, amma Hambali mota ce a ransa. Baffa bai ja ba. Shi da kansa ya kama hannunsa ya kai shi tasha ya damƙa wa wani direba.

Bayan Hambali ya yi shekaru yana jan motar haya, wani kamfani a nan Kano mai kai baƙi kallon namun daji ya ɗauke shi. Turawa ne yawanci, da Larabawa, da wasu 'yan Kudu. Ya kai su Yankari ba adadi, ya kai su Gashaka inda hanya take ƙarewa a koma ƙafa, ya tsallaka da su Waza a Kamaru, har Cadi ya je sau biyu. Wata tafiyar kwana huɗu, wata sati uku. Ya kwana a tanti, ya tono jif daga laka da hannunsa, ya ɗaure bututun mai da tsumman rawaninsa a wurin da babu gari sai an yi yini guda.

Aikin ya sauya masa hali ta inda ba mu zata ba. Mutumin Kano ne fa, amma in tafiya ta rage kwana uku sai ya daina shafa turare, ya hana matarsa Na'ima turara masa kaya, wai dabba tana jin ƙamshi tun daga nesa ta gudu. Farar shadda kuwa sai Juma'a. Sauran kwanaki yana cikin wani kaki mai kalar ƙasa kamar wanda aka kora daga soja. Na'ima ta sha kawo mini ƙara, tana cewa mata za su ce ba ta iya kula da miji ba. Magana ma ya rage ta. Ya ce a daji mai surutu ba ya ganin komai sai gindin dabba tana gudu. Aikinsa, in ji shi, rabinsa tuƙi ne, rabinsa sanin lokacin da za a kashe mota a yi shiru.

To ga inda matsalar take. Kowa ya san wanda ya yi tafiya da tsaraba yake dawowa. Wanda ya je Makka ya kawo dabino da zamzam, wanda ya je Legas ya kawo burodi. Wanda ya shiga dajin giwa fa? Tun ranar da aka ji inda yake zuwa, saƙo ya fara zuwa gidanmu. Wannan tana son kitsen zaki don ciwon gwiwar mijinta. Wancan yana son fatar goshin kura. Wani malami ya aiko a samo masa gashin wutsiyar giwa guda uku. Wasu kuma nama kawai suke so, ko banda ce. Hambali sai ya dawo da doya da zuma da ya saya a bakin titi, ya sa a rarraba. Mutane su karɓa su ce an gode, in sun fita zaure su ce doya ai ko a kasuwar 'Yankaba akwai ta. A idonsu mutum ya shiga rumbu ya fito hannu rabbana. Daga nan sunan ya fito, aka haɗa masa da rowa, aka ce ai yana kawowa, Turawa yake sayar wa.

Ni ma na faɗa, ba zan yi ƙarya ba. Sai wata rana yana wanke mota a ƙofar gida na tsare shi, ya gaya mini abin da bai gaya wa kowa ba. A shekararsa ta biyu a aikin, wata tsohuwa a layinmu ta roƙe shi ƙahon mazo, wani ɗan'uwan barewa. Ya ga abin ba wuya, ya yi wa wani mutum magana a ƙauyen da ke bakin daji. Da ya koma, mutumin ya kawo masa ƙahon. A wannan zuwan ne, yana ɗauke da baƙi, suka tarar da tarkon waya har guda biyar a hanyar ruwa. Ɗaya ya kama macen mazo, wadda ba ta da ƙaho ma, ta mutu a wurin ta kumbura, ba wanda ya zo ɗauka. Ya ce yana ganinta ya san saƙonsa ne ya ɗana wayar. Waya ba ta san abin da tsohuwar Gwammaja ta aika a kawo ba. A wurin ya yi wa Allah alkawari ba zai ƙara fita da komai daga daji ba, ko gashin tsuntsu ne.

Maganar unguwa ba ta taɓa hana shi barci ba. Ta Baffa ce ta hana shi.

Abokan sana'ar Baffa sun dame shi da gori. Ɗanka yana shiga dajin kamar ɗakin uwarsa, kai kuma kana saye a hannun 'yan sari kamar kowa? Baffa ya daure shekara da shekaru, ran nan ya kira Hambali. Bai tambaye shi haure ba, bai tambaye shi fata ba. Kashin giwa ya ce ya ɗebo masa, ko rabin buhu. Abin da dabba ta zubar ta yi gaba. Hambali ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Ya ce ranar da ya shigo da kashi, washegari haure za a tambaye shi, kuma bakin da ya ce to ba zai iya komawa ya ce a'a ba.

Baffa ya dube shi ya ce, "Na ciyar da kai da wannan kashin da kake ƙyama. Tashi ka ba ni wuri."

Daga ranar Baffa ya daina amsa gaisuwarsa. Bai zage shi ba, bai yi masa baki ba, bai kai ƙararsa wurin kowa ba. Shiru kawai. Duk Juma'ar da Hambali yake gari, in an sauko daga masallaci zai zo zauren Baffa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya ce, "Baffa, barka da Juma'a." Baffa sai ya ƙara wa rediyo murya. Hambali ya yi zaman minti goma, ya ajiye goro, ya tashi. Goron ni ake aiko wa da shi da yamma, ba a ko kwance ganyen ba. Shekara shida ana haka. Mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya bakwai, yana fitowa daga zauren nan yana share ido da hula. Abin da yake tsoro ɗaya ne, ya sha gaya mini: kada Baffa ya mutu bai amsa ba.

Kuma Baffa ya kama hanya. Ya haura tamanin, ƙafa ta fara kumbura, kasuwa ma sai a adaidaita sahu. A lokacin aikin Hambali shi ma ya zo gargara. Hanyoyi sun lalace da tsoro, baƙi sun ɗauke ƙafa, kamfanin ya ce zai rufe. Maigidansa ya bar masa jif ta sati guda kafin a sayar, ya ce ya yi abin da ya ga dama da ita. Wani da kayan gwari zai yi jigila. Hambali sai ya zo ɗakina ya ce yana so ya kai Baffa Yankari, in san yadda zan yi in fito da shi.

Ni ban iya lallashi ba. Na je na tarar da Baffa yana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, na gaishe shi, na ce shekara shida yana azabtar da Yaya a kan kashin dabba, ga mota nan, in abin ya dame shi haka ya je ya ɗebo da hannunsa mana. Na zaci zai jefe ni da buta. Sai ya ce, "Jibi. Ki nemo mini buhu mai kyau."

Da na gaya wa Hambali maganar buhu, fuskarsa ta canza. Na tambaye shi abin da zai yi in Baffa ya cika shi. Ya ce bai sani ba. Alkawarinsa yana nan, motar kuma shi ke jan ta.

Muka tashi bayan sallar asuba. Baffa a gaba, da carbi da buhu a naɗe a cinya, ni a baya da kular abinci. Tun daga Wudil ya ƙirƙiro wata hanya ta magana. "Baraka, gaya wa direba ya rage gudu." Ga direban nan kafaɗarsu tana gugar juna. "Baraka, tambayi direba ko motar tasa ba ta san rami ba ne." Ni kuma in maimaita, Hambali ya ce, "To, a gaya wa Baffa an ji." A Ningi da muka tsaya cin abinci na ce musu ni ba tafinta ba ce, kowa ya ji da bakinsa. Ba wanda ya kula ni. Haka muka wuce Bauchi muka shiga daji da la'asar.

Aka haɗa mu da ma'aikacin daji mai suna Lawal, wani siriri mai bindiga a kafaɗa, wanda ya san Hambali shekara goma sha biyar. Yadda ya rungume shi, da yadda sauran ma'aikata suka taso suna "Malam Hambali ne, Malam Hambali ne", ya sa na ji kunya ta kama ni. A nan ba wanda ya san wani Hannu Rabbana. Baffa yana gani, ya kau da kai.

Kwana biyu muna zagaye safe da yamma. Mun ga gwanki, mun ga ɓauna sun yi cirko-cirko suna kallonmu, mun ga mugun dawa da 'ya'yansa wutsiya a sama. Birai kuwa har ɗaki suka biyo mu, ɗaya ya fizge mini ledar ƙuli-ƙuli a hannu. Giwa babu. Lawal ya ce sai a yi wata ba a gan su ba, dajin da faɗi. Baffa ya ce in gaya wa direba da ma ya san ƙarya ce, hotuna ne kawai Turawa ke aiko masa. Ni kuwa a raina addu'a nake kada a gan su, a koma gida buhu ba komai ba tare da an yi rigima ba.

Rana ta uku da hantsi, muna bin wata hanya kusa da kogi, Hambali ya taka burki a hankali ya kashe mota. Ni ban ga komai ba. Ya nuna wa Lawal wani reshe da aka karya can sama, inda hannun mutum ba ya kaiwa, ɓawon a ɗaye, jikin da ɗanye. Ya sauka ya yi taku kamar ashirin, ya tsaya. Ga kashin giwa nan a tsakiyar hanya, curi-curi, kowanne ya kai ƙwaryar fura, har da ɗumi.

Baffa ya ce a sauko da shi. Na riƙe shi muka taka, buhu a hammatarsa. Ya tsuguna da ƙyar, ya sa hannu ya ɓare curi ɗaya. Ciki duk sassaƙe ne da ƙirare da ƙwallayen 'ya'yan itace. Ya shinshina. Ya daɗe. Sannan ya laluba aljihu ya fito da wani ƙullin takarda, irin wanda yake sayarwa, ya kwance ya ajiye a gefe. Ko ni da ban san sana'ar ba na ga ba ɗaya ba ne. Nasa laushi ne, baƙi-baƙi, da ƙaiƙayi a ciki.

Ya miƙa wa Lawal ƙullin ya ce ya duba masa. Lawal ya murza, ya shinshina, ya dubi Hambali kamar mai neman izini, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Wannan na jaki ne. An cuɗa shi da ƙaiƙayi an shanya."

Na so in yi dariya, da na ga fuskar Baffa sai ta koma. Shekara hamsin yana saye a hannun 'yan sari, yana rantse wa mata cewa daga daji aka kawo. Bai taɓa ganin na gaske ba, balle mai yin sa. Ya fara lissafa unguwannin da mata ke tasowa su zo wurinsa, Mandawari, Shahuci, har daga Fagge, yana cewa sun yarda da shi. Sai ya warware buhun ya buɗe bakinsa. Na ce a raina shi ke nan, yanzu ma ya fi da hujja.

Hambali bai hana shi ba. Ya matsa gefen hanya inda wani tsohon curi ya bushe ya farfashe, ya tsuguna, ya ce da ni, "Baraka, ki ce wa Baffa ya dubi nan." Daga cikin busasshen kashin wasu 'yan tsirrai ne guda huɗu suka fito, kore shar. Ya ce aduwa ce. Giwa ta ci a wani wuri, ta zo ta sauke a nan da takinta. Ya nuna itatuwan da ke kanmu ya ce da yawansu haka aka shuka su.

Kafin Baffa ya ce wani abu Lawal ya ɗaga hannu. Muka ji ƙarar reshe ya karye. Hambali ya sunkuci Baffa kamar jariri ya sa a mota, muka shiga, ba a tada inji ba. Sai ga su. Na ƙirga goma sha ɗaya, Baffa ya ce sha uku ne, ban ga ƙanana biyu a tsakiya ba. Suka tsallaka hanya a gabanmu, tazarar da ba ta fi daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin ƙara. Dabba kamar ɗaki, tana taka ƙasa kamar mai tsoron tada jariri. Wata babba ta tsaya ta juyo ta buɗe kunnuwa tana kallonmu har sai da na ƙarshe ya wuce. Wani ƙarami ya tsaya wasa da reshe, ta sa hanci ta tura shi gaba.

Na ji Baffa yana magana ƙasa-ƙasa. Fillanci yake yi, wanda rabon da in ji a bakinsa tun rasuwar kakarmu. Da suka shige ya ce, ba da ni ba, ba da kowa ba, "Ashe garke ne. Ga uwar garke, ga 'yan maruƙa a tsakiya. Haka muke jera su."

Can ya ce a mayar da shi wurin kashin. Muka sauko da shi, ya sake tsugunawa a gaban curin da ya ɓare, buhu a hannu. Ya ce lokacin da suke yara, in kaka ta yi manomi yakan roƙi mahaifinsu ya sauke shanu a gonarsa. In sun tashi, ko kashi ɗaya ba a ɗauka. Taki na gonar da garke ya kwana ne. Ya ce ya taɓa cika ƙwarya da busasshe zai kai wa innarsu ta hura wuta, mahaifinsu ya sa shi ya koma ya juye a inda ya ɗebo, ya kuma ba mai gona haƙuri.

Ya tattara ɓarin da ya yi ya mayar wuri ɗaya da tafin hannunsa. Ya naɗe buhun. Ya yunƙura zai tashi ƙafa ta ƙi. Na miƙa hannu, ya ture shi.

"Hambali," in ji shi. "Zo ka ɗaga ni."

Yaya ya zo ya ɗaga shi. Ni na koma bayan mota na share hawaye da bakin mayafi. Lawal kuma ya ga wani tsuntsu da ya ɗauke masa hankali a can gefe.

A hanyar dawowa ban yi tafinta ba. Baffa ya yi ta yi wa Hambali faɗa baki da baki, a kan gudu, a kan rami, a kan kakin nan da ya ce ya mai da shi kamar ɗan gadi. Hambali yana ta "To, Baffa," yana murmushi kamar wanda ake yi wa kirari. Bayan mun wuce Bauchi Baffa ya sa aka tsaya, ya sayi doya da kansa, aka zuba a buhun.

Labari ya riga mu isa cewa Ilu mai shimfiɗa ya tafi dajin giwa da buhu. Muna sauka zaure ya cika, har da abokan sana'arsa biyu. Baffa ya sa aka kwance buhun a gabansu ya ce ga tsaraba nan, kowa ya ɗauki ɗaya. Washegari ya je kasuwa ya kwashe ƙullin nan gaba ɗaya ya zuba a kwata. Mata suka yi ta zuwa nema, yana ce musu ya daina, wanda ya sayar musu a baya ma su yafe masa. Wasu suka yafe, wasu suka koma shimfiɗar gaba suka saya.

Baffa ya yi wata goma sha huɗu bayan wannan tafiya. Juma'a hamsin da wani abu ke nan, kuma ba wadda Hambali ya gaishe shi bai kashe rediyo ya amsa ba. Goro kuwa ban ƙara ganin ko ɗaya ba, su biyu suke cinye abinsu. A cinyar Hambali ya cika, ranar wata Talata da hantsi.

Yanzu Yaya yaran wata makaranta yake kaiwa yana ɗaukowa a bas. Ya koma shafa turare, Na'ima ta huta. Sunan dai yana nan, har an ƙara masa, don akwai masu cewa shi ya lalata tsoho a ƙarshen rayuwarsa, ya koya masa rowa. Na gaya masa zan rubuta wannan, ya ce in bar mutane da abinsu. Na ce ban iya ba. Ya ce to in na rubuta kada in ce goma sha ɗaya, sha uku ne, Baffa ya fi ni ido a kan garke.